Katifar Inna

Tun da satin ya kama Inna ta daina shan ruwa. Abinci takan ɗan taɓa in busasshe ne, burodi ko biskit, amma da Auta ta kawo kofi kusa da bakinta sai ta datse leɓe ta juya kai bango kamar yarinyar da za a ɗura wa magani. Auta ita ce ƙaramar cikin 'ya'yan tsohuwar, ita ce kuma ta tattaro ta dawo gida jinya tun da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa ta da Allah, duk a banza. Leɓɓan Inna suka tsattsage, harshenta ya yi fari, idanun nan da dama yanar ido ta gama rufe su suka ƙara faɗawa ciki.

Nas ɗin da ke leƙo su da safe maƙwabciyarsu ce, mace mai faɗar magana ba kwana-kwana. Ta ja fatar bayan hannun Inna ta saki, fatar ta tsaya a tattare ta ƙi komawa.

"Kin gani ko?" ta ce da Auta. "In ba ta sha ba ƙodarta za ta tsaya, ni dai na gaya miki. Ko ki san dabarar da za ki yi, ko ku kwashe ta a je a ƙara mata ruwa, shi ma in sun sami jijiyar."

Inna tana jin su. Abin da ta ce kawai shi ne abin da ta daɗe tana faɗa: "Ku sauke ni ƙasa. Ku shimfiɗa min tabarma."

Wannan kuwa ba a hannun Auta yake ba, don katifar da Inna ke kwance a kai ta Yaya ce. Yaya shi ne babban ɗa, mai shagon surfani a bakin babban titi, inda ake ɗinka ayoyi da sunayen Allah da zaren zinariya a kan karammiski, mutane su saya su rataye a falo da ofis. Lokacin da Inna ta kwanta ciwo shi ya sa aka haɗa mata katifar nan musamman, aka kawo ta a bayan mota har da masu ɗauka. Duk wanda ya zo dubiya sai Yaya ya kama hannunsa ya sa shi ya danna. "Taɓa ka ji. Ba soso ba ne, soso yana ƙona bayan mara lafiya. Ni na tsaya a kai har aka gama." Mutane su danna, su sa masa albarka, shi kuma ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Wankin zannuwa da kwasar kashi dai ba a kiran kowa ya zo ya taɓa ya ji.

Sau ɗaya Auta ta taɓa biye wa Inna ta sauke ta ƙasa. Aka yi rashin sa'a Yaya ya shigo da baƙi. Sai da suka tafi sannan ya buɗe mata wuta: uwarsa a ƙasa yana raye, so take a ce ya kasa? Ya ɗauki Inna da kansa ya mayar da ita kan gado, yana riƙe da numfashi har ya dire ta. Auta ta lura da wannan riƙe numfashin, kuma ba ta manta ba.

Ba wai ta ga laifinsa gaba ɗaya ba. Ɗakin yana wari, kuma wari ba ruwansa da cewa uwarka ce. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin zani ta tsage tun tuni, an liƙe ta sake tsagewa, katifar ta sha abin da ta sha. Zarni ya kama labule, ya kama bango, ya kama gashin Auta, har in ta fita sayen magani sai ta ga mutane suna ɗan ja da baya a layi. Tana son uwarta, amma akwai safiyar da in ta tura ƙofar ɗakin sai ta koma ta jingina da bango ta haɗiye yawu kafin ta iya shiga. Tana jin kunyar hakan, kunyar kuma ba ta rage warin da komai ba.

Ranar nan dai ta ce ko Yaya zai haɗiyi zuciya sai katifar ta ga rana. Kafin nas ta tafi suka kama Inna suka sauke ta kan tabarma. Tsohuwar ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta lumshe ido. Auta ta ja katifar zuwa tsakar gida, nauyi kamar an jiƙa buhun siminti, ta jingina ta da bango, ƙudaje suka taso tun kafin ta miƙe tsaye. Shanya kaɗai ba za ta yi ba. Ta yanke shawarar ta farke ta, ta zazzage audugar, wadda za ta wanku ta wanke, sauran ta zubar.

Ta ɗauko reza, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Da ta zo gefen dama sai ta tarar ɗinkin dama a buɗe yake, wajen faɗin tafin hannu, zaren a warware tsaf ba a tsinke ba. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta zura rezar ta nan ta ja har ƙasa.

Abin da ya zubo ba auduga ba ne. Guntayen yadi ne, kore da baƙi da ja, an yayyanka su ƙanana, sun cure sun dunƙule, na tsakiya sun yi jagab, sun yi wani kalar ruwan ƙasa, wasu har fumfuna ta hau su. Warin da ya taso ya ratsa ɗankwalin kamar babu shi. Auta ta ja tsaki. Wato duk bakin nan da ake yi, sharar shago ce aka ɗura wa tsohuwa. Ta sa tsinke tana tona dunƙulen, sai wani abu ya yi ƙyalli a rana.

Ta ɗago shi da yatsu biyu. Karammiski ne kore, zaren zinariya a jikinsa, rabin harafi. Ta ɗago wani, wutsiyar wata kalma ce da wasali a samanta. Ta ɗago na uku, ya manne da wani, ta ɓanɓare su. Wannan kam, almakashi bai taɓa rubutunsa ba ko kaɗan. Sunan Allah ne cikakke, a jiƙe, zaren ya yi kore saboda fitsari.

Ba ta san lokacin da ta kai bakin magudana ba. Ta yi amai, ta wanke baki, ta dawo ta durƙusa gaban tarin, ta rasa inda za ta ajiye abin da ke hannunta. Ƙasa ba wuri ba ce, jikinta kuma ba tsarki. Ta sa shi a kan murfin bokiti, ta ci gaba da tonawa da hannu yanzu, ba tsinke. Ko'ina ta damƙo sai ta ga harafi. Katifar gaba ɗaya ayoyi ce.

Tana nan durƙushe idonta ya koma kan wurin da ta tarar a warware, sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Gefen dama ne, daidai inda hannun Inna mai lafiya yake kwanciya. Inna kuwa surfani ta yi da hannu tun tana budurwa, ita ta koya wa Yaya riƙon allura, kuma ba ta taɓa soka allura a sunan Allah ba sai da alwala. Idonta ya tafi, amma yatsunta sun san tudun kowane harafi. Ta ji wani abu yana sukar ta ta cikin yadi, ta warware, ta zura hannu, ta karanta. Ta roƙa a sauke ta an ƙi. Faɗar dalili kuwa tona asirin ɗanta ne. Sai ta yi abin da ya rage mata, ta daina shan ruwa don kada ta ƙara jiƙa abin da ke ƙarƙashinta.

Auta ta wanke guntun nan mai cikakken suna da sabulu, ta ɗauraye shi har sai da yatsunta suka yi yaushi, ta naɗe a farin hankici. Ta leƙa maƙwabta ta roƙi nas ta dawo ta zauna da Inna, ta saka mayafi ta fita, ko kaya ba ta canza ba.

Shagon Yaya tun daga nesa yake ƙyalli. Bango ukun a rufe suke da aikin surfani, manya da ƙanana, wasu a gilashi, wasu da geza, har da wanda aka kewaye da ƙananan fitilu masu kashewa da kunnawa. Daga ciki injuna suna ta tatata, allurai suna hawa da sauka su kaɗai, masu aikin suna tsaye suna hirar ƙwallo. In inji ya ci yadi ko zare ya harɗe, sai a zare a wurga ƙasa a ɗora sabo. Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin injunan ta kalli daɓen. Guntaye ne ko'ina, takalma suna bi ta kai, wani har ya goge man inji daga hannunsa da ɗaya. A ƙarƙashin matakala buhuna ne a jere, cike, an ɗaure bakinsu. Sau nawa ta shigo shagon nan, ba ta taɓa kallon ƙasa ba.

Yaya yana gaba cikin farar riga, ƙamshin turarensa ya cika wurin, yana naɗe wa wata mata abin da ta saya a takarda mai laushi kamar mai naɗe jariri.

"Sai dai Hajiya ki kula," yake cewa, murya ƙasa-ƙasa. "Kada a rataye shi a bangon da ya haɗa da banɗaki. Kuma a sama sosai, inda hannun yara ba ya kaiwa. Abin girmamawa ne."

Matar ta ce in sha Allahu, ta sa masa albarka ta fita. Sai a lokacin ya ga Auta. Fuskarsa ta canza, hancinsa ya ɗan motsa.

"Lafiya? Wa kika bar wa Inna? Zo nan ciki, kada ki tsaya a gaban kaya."

Ya shigar da ita ɗan ofishinsa ya tura ƙofa. Ta buɗe hankicin a kan tebur. Ya leƙa, ya ɗago.

"Mene ne wannan?"

"A katifar Inna na ciro shi, Yaya. Katifar duk irinsa ce."

"Wa ya ce ki farke katifar?"

Ta kafe shi da ido. Ta zo da tsammanin zai firgita, ko ya ƙaryata, ko ya ɗora wa ma'aikata. Ko ƙarya ya yi da ta fi mata sauƙi. Shi kuwa sai ya gyara zama ya fara bayani, irin bayanin da kana ji ka san an daɗe da shirya shi.

"Ke ba ki san harkar nan ba. Duk abin da ya lalace sai an bi shi da almakashi kafin ya fita. In aka yanke kalma ta daina zama kalma, zare ne da yadi. Masu katifa da matasan kai su suke zuwa su kwasa, ba ni kaɗai ba, duk layin nan haka ake yi. Kin so in riƙa hura wuta a tsakiyar gari kullum? Ko in sayi fili in riƙa binne buhuna?"

"Wannan fa, almakashi ya bi ta kansa?"

Ya sake leƙawa. "Ɗaya ne ya kuɓuce. Aikin mutum ne."

"Ba ɗaya ba ne."

"To, biyu ne." Ya ɗaga hannu. "Allah yana duba niyya. Niyyata uwata ta kwanta a wuri mai laushi, kuma ta kwanta. Yanzu ki gaya min, nas ɗin nan ta gani? Matar nan bakinta ba ya rufuwa."

Auta ta dafa teburin.

"Inna ta sani, Yaya. Ta zura hannu ta taɓa. Shi ya sa take cewa a sauke ta. Shi ya sa ta daina shan ruwa, don kada ta ƙara yin fitsari a kai. Nas ta ce ƙodarta za ta tsaya."

Ya kalli hankicin, ya kalli bango, ya shafa gemu. Auta ta tsaya cak tana jira. Wannan yayanta ne, shi ya goya ta zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke ta, ba zai yiwu a ce babu komai a cikinsa ba. Ta ba shi lokaci har injunan da ke bayan bango suka tsaya suka sake tashi.

"Tsufa ke nan," ya ce a ƙarshe. "Komai sai su ɗauke shi da zafi. Ki ce mata na tambaya an ce babu laifi. Zan aiko da sabuwa ta soso kafin yamma. Waccan kuma ki ɗure ta a buhu ki ɗaure sosai, ki kai bola da kanki. Kada ki ba masu kwasar shara, buɗewa suke yi."

"Bola."

"To ina za ki kai ta? Abin da ya riga ya ɓaci."

Ya miƙe ya buɗe ƙofa, alamar an gama. Da ta zo wucewa ya ɗauki kwalbar turare daga kan tebur ya fesa mata a mayafi, ya ƙara fesawa a iskar ofishin. "Ki riƙa canza kaya in za ki fito," ya ce. "Nan wurin mutane ne." Ta naɗe hankicinta ta fita, tana ɗaga ƙafa a hankali har ta kai titi, don ko a gaban shagon akwai guntayen da iska ta kwaso.

A hanya ta ƙudura cewa yau sai Inna ta ji komai, kalma da kalma, har bolar. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana ɗaga Yaya sama, Yaya mai tsoron Allah, Yaya da ya gaji hannunta. To yau ta san abin da ta haifa. Auta ta riƙa maimaita maganganunsa a ranta don kada ko ɗaya ta zube, tana jin wani daɗi mai ɗaci da ta san ba na kirki ba ne.

Ta tarar nas ta matsu ta tafi, rana ta take, ƙudaje sun rufe tarin da ke tsakar gida. Ta lulluɓe shi da tsohon zani mai tsabta, ta wanke hannu, ta cika kofi ta shiga ɗaki. Inna tana kan tabarma, ta ƙara ƙanƙancewa, numfashinta yana fita da ɗan sauti. Auta ta zauna ta tallafo kanta ta ɗora a cinya.

"Kin buɗe," in ji Inna. Muryar da ƙyar take fita.

"Na buɗe, Inna."

"Wata da watanni ina kwance ina yi a kai." Hawaye ba su zo ba, babu ruwan da za su zo da shi, fuskar ce kawai ta yamutse. "Da wane ido zan tsaya gaban Allah?"

"Ba ki sani ba ai. Da kika sani kin ce a sauke ki. Yanzu ga ki a ƙasa, tabarma ce kawai da leda. Ki sha."

Ta kai kofin bakinta. Inna ba ta juya kai ba wannan karon, amma ba ta buɗe baki ba. Hancinta ya bi mayafin Auta.

"Turarensa ne. Kin je wajensa." Hannunta mai lafiya ya lalubo wuyan hannun Auta ya riƙe, kofin ya tsaya a tsakaninsu. "Me ya ce? Bai sani ba ko? Ma'aikata ne. Ni na koya masa, ko zaren da ya saura daga sunan Allah ba ya bari ya faɗi ƙasa. Gaya min gaskiya, Auta. In da saninsa aka yi, ni na gama."

Maganganun suna nan a jere a bakin Auta yadda ta shirya su. Ta kalli leɓɓan nan da suka tsage, da jijiyar wuya da ke bugawa a hankali, da yatsun da ke riƙe da hannunta. Ta gane sarai cewa amsa ɗaya ce za ta buɗe wannan bakin, kuma ba ita ce ta taho da ita ba.

"Bai sani ba, Inna," ta ce. "Da na nuna masa zama ya yi a ƙasa yana kuka. Da ƙyar aka ɗaga shi."

"Na sani," in ji Inna. "Na san ɗana."

Ta saki hannun, ta buɗe baki. Ta sha a hankali, maƙogwaronta yana motsi da ƙyar, rabin ruwan yana zubowa ta gefen da ya mutu yana jiƙa cinyar Auta. Ta shanye kofin tas. Auta ta ji farin ciki, ba za ta ce ba ta ji ba, amma bakinta ya yi mata wani irin ɗanɗano da duk warin katifar nan bai kai shi ba. Ta wanke Yaya tas da harshenta, kuma daga yau duk ranar da ya shigo da baƙi, ita ce za ta tsaya ta ji ana sa masa albarka ta ce amin.

Inna ta lashe leɓe ta huta. Can ta ce, "In kin wanke guntayen ki shanya a sama, ba a ƙasa ba. In sun bushe ki kai masa ya binne da hannunsa. Zai fi samun nutsuwa, bawan Allah."

"To, Inna," in ji Auta.

Ta jawo buta ta sake cika kofin.